Ba jini ne ke sa labari ya ba da tsoro ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja da marubucin shafinku na adabi, wanda ya ce gajerun labaran ban tsoro shirme ne, ba komai a cikinsu sai fatalwa da jini. Da alama tarkacen kawai malamin ya ci karo da su, kuma ban musa ba, suna da yawa.

Salon da Turawa ke kira Gothic a Ingila ya faro, a 1764, da littafin Horace Walpole: tsohuwar fada, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, alhakin kakanni da ke bin jikoki. Amma tuni marubuta suka fito da tsoron daga fada suka ajiye shi a tsakiyar mutane.

Ina ba malamin shawara ya nemi labarin "The Lottery" na Shirley Jackson, wanda mujallar New Yorker ta buga a 1948. Hantsi ne a wani ƙauyen Amurka, gari ya yi kyau. Yara na tsintar duwatsu suna cika aljihu, magidanta na hirar shuka da haraji. Aka kawo wani tsohon baƙin akwati, kowane magidanci ya zari takarda, sannan mutanen gidan da ƙuri'a ta faɗa wa suka sake zara. Matar da ƙuri'a ta faɗa kanta, maƙwabtanta ne suka jefe ta, har ƙaramin ɗanta aka miƙa wa tsakuwa. Babu dodo ko ɗaya, amma wannan tsakuwar ta hana ni barci. Masu karatu na lokacin sun yi ta aika wasiƙun zagi, wasu suka daina sayen mujallar.

A yau ga Mariana Enríquez ta Ajantina, wadda ta yi ƙuruciya a mulkin soja na 1976 zuwa 1983, lokacin da dubban mutane suka ɓace ba gawa ba kabari. Idan yaro ya ɓace a labarinta, mai karatu a can ya san abin da ake nufi.

Gajartar ma ita ce ƙarfinsu. Dogon littafi dole ya yi bayani, da an yi bayani kuwa tsikar jiki ta kwanta. Gajeren labari yana tsayawa kafin a kai nan.

Ina roƙon ku ware wa irin waɗannan labarai fili, ko da sau ɗaya a wata ne. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu