Lasin da ya ƙare ba lasin ba ne, 'yan uwa direbobi

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana direbobi, musamman mu na tasha, a kan wani abu da muka raina kuma yana cinye mu, wato tuƙi da lasin da ya yi ekspaya.

Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto shi ne abin da ya sami ƙanina a watan jiya. Yana jan Sharon ta wani bawan Allah tsakanin Zariya da Kano, lasin ɗinsa ya ƙare wata takwas kenan, kullum in na yi masa magana sai ya ce Yaya bari dai a fita hidimar makarantar yara, ai hannuna ne ke tuƙi ba kati ba. Toh rannan ya fito da lodi, wajen Kwanar Ɗangora wata ƙaramar mota ta taka burki a gabansa ba shiri ya daki bayanta. Alhamdulillah ba a rasa rai ba, amma but ɗin motar ya lotse har cikin kujerar baya, gilas ya tarwatse. Da aka je gaban hukuma aka ce kowa ya fito da takardunsa, ina tsaye a wajen, jami'in ya juya katin ya kalli kwanan wata ya ɗago ya kalle shi, wallahi daga nan ba wanda ya sake sauraron bayaninsa na waye ya fara taka burki.

Mai Sharon ɗin yana da inshora, amma kamfanin suka ce sharaɗinsu direba ya kasance da lasin mai aiki, don haka babu ruwansu. Gyara ya dawo kan yaron nan, sai da ya sayar da babur ɗinsa muka haɗa masa sauran, maigidan kuma ya karɓe makullinsa. Yanzu yana zaune a gida da mata da yara uku.

Mutane su gane, a wajen doka wanda lasin ɗinsa ya ƙare da wanda bai taɓa yi ba laifi ɗaya ake rubuta musu. A jadawalin dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 tarar naira 10,000 ce, kuma ana iya riƙe motar sai ka biya, ga fasinja a zube bakin titi suna zaginka, ga yinin ranar ya tafi, in ka yi gardama a kai ka kotun tafi-da-gidanka. Shi kuwa lasin na shekara 3 ne ko 5, ka raba kuɗin da kwanakin ka gani, bai kai ɗari biyu da ɗari biyar ɗin da muke miƙawa ta taga kullum don a kau da kai ba. Kuma ranar da aka yi haɗari wanda ka saba miƙa wa ba zai san ka ba.

Sannan dan Allah a daina ba ɗan kamasho kuɗi da fasfo a ce ya kawo lasin gida. Lasin na gaskiya sai ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsu, a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito. Akwai kuma gwajin ido, wanda ni a ganina shi ne ma mafi amfani, don muna da dattawa a tasha da ba sa ganin rami da daddare sai sun faɗa, kuma rayuka suke ɗauka.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya, su riƙa duba lasin kafin a sa mota a layi, kamar yadda ba sa mantawa da kuɗin lodi. Su ma hukumomi su tabbatar katin na fitowa kafin kwana 60 ɗin su cika, don kar wanda ya biya kuɗinsa ya bi ƙa'ida ya koma yawo da takardar da ita ma ta ƙare.

Naku,
wani direba daga Zariya