A duba saitin barcin laftof kafin a ce mahaɗa ta lalace

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin ma'aikatan ofis da masu kula musu da kwamfutoci kan wata matsala da ke cin kuɗi a banza. Ofisoshi da yawa yanzu laftof suke saye, tare da ƙaramin akwatin nan na kan tebur da 'yan kasuwa ke kira dok, ni kuwa zan kira shi mahaɗa. A jikinta ake jona babban allo da kibod da maus da wayar intanet, ita kuma laftof waya ɗaya ta USB-C take karɓa, ta nan take caji. Sai a ga da an rufe murfi allo ya ɗauke, ko a taɓa maus da safe kwamfuta ta ƙi tashi, nan take a ce mahaɗar ce ta mutu, a sayo wata. Galibi saiti ne ba a gyara ba.

A Windows 10 da 11, a shiga Control Panel, a buɗe Power Options, a danna "Choose what closing the lid does". Za a ga layi biyu, ɗaya na lokacin da laftof ke kan batir, ɗaya na lokacin da take jone da wuta. A layin wuta ne kaɗai ya kamata a zaɓi "Do nothing", domin a rufe murfi a ci gaba da aiki a babban allo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa haka a layukan biyu. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa hakan zai iya wucewa, amma a nan da zarar an ɗauke wuta mahaɗa ta mutu, allo ya yi baƙi, laftof kuma tana nan a kunne a ƙarƙashin murfi, babu wanda ya lura. Mai ita ya zare waya ya jefa ta cikin jaka, ta isa gida da zafi kamar dutsen guga, batir ya ƙare tas. Saboda haka layin batir a bar shi a "Sleep", kuma a ganina "Hibernate" ya fi. A kuma sa lokacin barci na kan batir ya zama minti 10.

Dalilin da na fifita "Hibernate" shi ne barcin laftof na yanzu ba irin na da ba ne. A buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a rubuta powercfg /a. Idan aka ga S3, barci ne na gaske, abin da ke RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, kawai ake riƙewa. Idan aka ga "S0 Low Power Idle", to kwamfutar gyangyaɗi kawai take yi, tana iya ci gaba da hulɗa da intanet, kuma ƙaramin motsi na tashe ta. "Hibernate" kuwa yana kwashe aikin da ake yi ya rubuta a faifai, sannan ya kashe komai. Idan zaɓin bai bayyana ba, a buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa a rubuta powercfg /hibernate on. Wanda ke son sanin abin da ya tashi kwamfutarsa cikin dare, powercfg /lastwake zai gaya masa.

Ƙin farkawa kuma yawanci daga tanadin wuta ne. Windows na yanke wa kafofin USB wuta idan ta ga kamar ba sa aiki, kuma wasu mahaɗai ba sa dawowa daidai bayan hakan. A cikin "Change advanced power settings" a nemo "USB selective suspend" a kashe shi a layin wuta. A Device Manager kuma, a kan kibod da maus, a tabbatar an ba su izinin tashin kwamfuta. A laftof masu S0 wani lokaci waɗannan zaɓuɓɓuka a ɓoye suke, to sai a koma kan sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da laftof kafin Windows, da kuma manhajar cikin mahaɗar, kowacce daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar.

Akwai wani saiti a BIOS da nake so a yi hattara da shi. Dell na kiransa "Wake on AC", wasu kamfanoni da suna mai kama da haka, kuma aikinsa kunna laftof da zarar wuta ta shigo mata. Yana da amfani, domin maɓallin kunnawa na ƙarƙashin murfi, maɓallin jikin mahaɗa kuma yawanci sai kamfani ɗaya ne ya ƙera su biyun yake aiki. Sai dai a ofishin da ake kawo wuta ƙarfe biyu na dare, kwamfuta za ta tashi ita kaɗai ta kwana tana aiki a rufe. Wanda ya kunna shi ya riƙa kashe soket idan zai tashi.

Sai batun ƙarfin caji. Mahaɗa na cin wani kaso na wutar da ta karɓa. Dell WD19 mai caja ta wat 130, wat 90 take miƙa wa laftof. Wayar USB-C da ba ta da ɗan guntun lantarkin da ke shaida ƙarfin wutar da za ta iya ɗauka a cikinta ba ta wuce amfiya 3, wato wat 60 ke nan, ko da mahaɗar na iya ba da 100. Laftof mai buƙatar fiye da haka za ta rage gudu, ko batir ya riƙa sauka alhali tana jone. A duba lambar wat da ke jikin asalin cajarta kafin a sayi mahaɗa.

Batirin da ya wuni a kashi 100 cikin zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, murfi kuma a rufe, shi ne wanda ke kumbura har ya ɗago wurin taɓawar da ke aikin maus a jikin laftof. A taƙaita caji a kashi 80 ta Lenovo Vantage, ko Dell Power Manager, ko saitin lafiyar batir na BIOS a kwamfutocin ofis na HP. Laftof da ke fitar da zafi ta gefen kibod gara a ɗora ta kan mariƙi a bar murfin a ɗan buɗe. Ita kuma mahaɗar da babban allo a jona su a ƙaramin UPS na 650VA, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, ya isa ya riƙe su har a tayar da janareta, ba tare da allo ya ɗauke ko tagogin aiki sun watse ba.

Na gode.

Daga wani mai kula da kwamfutocin ofis,
Kano.