Wasiƙa Zuwa Damagaram Kan Tambayoyin 'Yar Autarka

Kano.

Aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na karanta shi a tsanake. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Ka ce tun da babban ɗanka ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, inda ake koyar da falsafa a makarantun Nijar kamar yadda ake yi a Faransa, ƙanwarsa 'yar shekara tara ta hana ku sakat da tambayoyi, har ta tsare ka tana son jin dalilin da ya sa aka ce ta gaya wa baƙo ba ka nan alhali kana ɗaki, bayan kuwa an koya mata a Islamiyya cewa ƙarya haramun ce. Ka kuma ce wani maƙwabcinku ya ja maka kunne cewa falsafa ƙofar kafirci ce, don haka ka raba yaran da ita tun da wuri. Tun da ka nemi ra'ayina a matsayin wanda ya daɗe yana koyar da yara, ga shi a taƙaice: kada ka kashe tambayar yarinyar nan. Ba daga littafin yayanta ta samo ta ba. Duk yaro mai lafiya yana da irinta, sai dai yawancinsu tsawa ce ke sa su haɗiye.

Tsoron maƙwabcinku tsoho ne, kuma ban raina shi ba. A birnin Atina an yanke wa Socrates hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ɗaya daga cikin laifuffukan da aka ɗora masa shi ne ɓata tarbiyyar matasa. A cikin malamanmu ma an yi wannan saɓani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi a kan mas'aloli 20, ya kafirta su a kan uku, amma shi ɗin dai ne ya tsaya kai da fata cewa ilimin manɗiƙi, wato sanin yadda ake gina hujja da yadda ake gane ruɓaɓɓiya, ma'auni ne da mai neman ilimi ba zai wadatu da barinsa ba. Shehu Magili, wanda ya zauna a nan Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baituka da Imam Suyuɗi na Masar a kan wannan fanni na manɗiƙi; Suyuɗi yana haramtawa, Magili yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Abin da zai fi ba maƙwabcinku mamaki shi ne, mai littafin Ahalari da muka fara karatun tsarki da salla da shi, shi ne kuma ya tsara waƙen manɗiƙi mai suna Sullam a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21. A cikinsa ya kawo cewa Ibnu Salah da Nawawi sun haramta fannin, wasu sun ce ya kamata a koya, sannan ya rinjayar da halaccinsa ga mai cikakken hankali wanda ya saba da Alƙur'ani da Sunna.

Wannan sharaɗi nasa shi ne iyakar da nake bi. Ba na ba ka shawarar ka zaunar da 'yar shekara tara kana tattauna asalin duniya ko zatin Ubangiji da ita. Idan tambayarta ta taɓa aƙida, ka amsa da abin da ka sani, ko ka kai ta wurin malami mai haƙuri da yara. Filin da nake magana a kai shi ne na yau da kullum, kuma yana da faɗin gaske: mene ne adalci, yaushe magana take zama ƙarya, yaya mutum ke sanin abin da ya ji gaskiya ne, me ya sa alkawari yake da nauyi ko da babu mai gani.

Ɗauki rabon naman Layya a gidanka. Idan aka ba babba tsoka biyu aka ba ƙarami ɗaya, ƙaramin zai ce an zalunce shi. A nan uba yana iya cewa a yi masa shiru, yana kuma iya tambaya: shin adalci shi ne kowa ya sami daidai da na kowa, ko kowa ya sami gwargwadon bukatarsa, ko gwargwadon aikin da ya yi wajen fiɗa da wanke kayan ciki? Idan yarinyar ta ce daidai wa daida, sai ka tambaye ta ko jariri ma a ba shi tsoka kamar tata. Za ka ga ta yi jim, ta gyara maganarta, ta ce ai shi ba shi da haƙori. To, a wannan ɗan lokaci ta kafa doka, ta gamu da misalin da ya karya dokar, ta sake gina ta da kyau. Manyan masana da suka cika littattafai a kan adalci, wannan aikin dai suke yi, illa dai nasu ya fi tsawo.

Wanda ya mayar da wannan hanya darasi a makarantun zamani wani malamin Jami'ar Columbia ne a Amurka, Matthew Lipman. A ƙarshen shekarun 1960 ya lura ɗalibansa na jami'a suna da ra'ayoyi masu zafi amma ba su iya kare su da hujja, sai ya yanke cewa an makara, tun suna ƙanana ya kamata a fara. Ya rubuta labari na yara, sannan a 1974 ya kafa cibiya a kwalejin Montclair da ke jihar New Jersey tare da Ann Margaret Sharp. Tsarinsu mai sauƙi ne. Ana karanta ɗan labari, yara su kawo tambayoyin da ya tayar musu, su zaɓi ɗaya, su zauna a da'ira, kuma duk wanda zai yi magana sai ya faɗi ko ya yarda da wanda ya gabace shi ko bai yarda ba, da dalilinsa. Malami ba ya yanke hukunci; nasa shi ne ya riƙa cewa mene ne dalilinka, kawo misali, akwai inda wannan magana ba za ta yi aiki ba? An gwada tsarin a makarantun firamare 48 a Ingila, rahoton da ya fito a 2015 ya nuna ɗan ci gaba a karatu da lissafi, amma wani gwaji mafi girma da aka bayar da rahotonsa a 2021 bai ga bambanci a sakamakon jarrabawa ba. Saboda haka ba zan yi maka alkawarin maki ba, kuma a ganina ba don maki ake yin abin ba tun farko.

Mu kuwa ba ma bukatar a rubuto mana labari daga New Jersey. Tatsuniyar Gizo kaɗai ta isa. Yara suna dariya idan Gizo ya yaudari kura, suna jin haushi idan ya cuci Ƙoƙi, alhali dabarar iri ɗaya ce. Ka tambaye su me ya bambanta biyun, ka ji abin da za su ce. Haka karin magana. Mukan ce sauri kan haifi nawa, mukan kuma ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma dukkansu muna ɗaukarsu gaskiya. Ka aje mata su biyun ka ce wanne ne daidai. Idan ta gano cewa kowanne da muhallinsa, sai ka nemi ta faɗi yadda mutum zai gane muhallin, domin a nan ne aikin yake. Amfanin wannan zai bayyana ranar da ta riƙe waya, saƙonni suna shigowa ta WhatsApp cewa jiƙon kaza yana warkar da kowace cuta, ko mutanen gari kaza sun yi kaza. Yaron da ya saba tambayar wa ya faɗa, yaya aka yi ya sani, ba ya saurin tura irin wannan saƙo gaba, kuma kai da kanka ka san gidaje da kasuwannin da jita-jita ta ƙona a ƙasashen nan namu.

Saura batun ladabi, wanda na san shi ne ainihin damuwarka. Yaro mai tambaya yana iya zama fitsararre idan ba a koya masa lokaci da lafazi ba, wannan gaskiya ne. Ka koya mata cewa ba a tsare babba a gaban baƙi, ba a katse shi, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin "Baba, ban gane dalili ba" da "Baba, ba haka ba ne". Ka koya mata sauraron yayanta har ya kai aya kafin ta mayar masa. Amma kai ma akwai naka kason, kuma ya fi nata nauyi, domin wanda ya buɗe wa yaro ƙofar neman dalili dole wata rana ya ce ban sani ba, wata rana kuma ya ce kin fi ni gaskiya. A kan batun baƙon nan, ka yi mini afuwa, yarinyar ce ke da gaskiya. Da an ce ta gaya masa kana hutawa ya dawo bayan La'asar, da an sallame shi ba tare da an sa ta faɗin abin da ta san ba haka yake ba. Ina ganin ka kira ta ka gaya mata hakan. Girmanka ba zai ragu a idonta ba.

Shi kuma babban, ka ce ya riƙa kawo muku tambayar da aka ba su a aji bayan cin tuwon dare, ya bayyana ta da Hausa yadda ƙanwarsa za ta gane, don hakan zai taimake shi a jarrabawar BAC ta kammala sakandare fiye da haddar sunayen masana. Ka rubuto mini abin da ta ce game da Gizo da Ƙoƙi, ina so in kai wa 'yan ajina su ji ko za su yarda da ita.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran, da Baba idan ka leƙa gida. Allah ya raya mana su, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.