Takardar Da Ke Manne A Bangon Sashen Gaggawa Ta Tsufa

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da abokan aikina na asibiti da masu riƙe da akalar lafiya a jihohinmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen agajin gaggawa, kuma wani dare ne da ya ƙi fita daga raina ya sa na ɗauki alƙalami.

Wajen ƙarfe biyu aka shigo da wani dattijo ranga-ranga, 'ya'yansa na tallafe da shi. Gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa sanyi ƙalau, da ƙyar yake amsa sunansa. Na kama jijiyar hannunsa ina duban agogo: bugu 34 a minti guda. Jininsa ma ya yi ƙasa sosai. Babbar 'yarsa ta miƙo min leda ta ce, "Sista, ga magungunan Baba." A ciki na ga kwali biyu na atenolol, maganin hawan jini da ke rage bugun zuciya, kalarsu daban, kamfaninsu daban. Bawan Allah yana haɗiyar dukkansu safe da yamma, a zatonsa magani biyu ne na hawan jini.

Likitan da ke bakin aiki matashi ne mai ƙwazo. Ya ɗaga kai ya dubi takardar ƙa'idar farfaɗo da majiyyaci da ke bango, wadda ta yi jawur don tsufa. Har yanzu tana cewa a yi allurar atirofin, wadda ke ɗaga bugun zuciya, ga wanda zuciyarsa ta tsaya cak, alhali tun 2010 Ƙungiyar Lafiyar Zuciya ta Amurka, AHA, ta cire wannan daga ƙa'idarta. A 2020 kuma ta sauya awon maganin ga babban mutum da bugun zuciyarsa ya yi ƙasa har ya galabaita: daga rabin miligiram zuwa miligiram 1 ta jijiya, a maimaita bayan minti 3 zuwa 5, kada jimla ta wuce miligiram 3. Ƙa'idar Turai ta 2021 ta tsaya a kan rabin miligiram. To mu wanne muke bi? A ɗaki ɗaya sai ka samu likita da awonsa, nas da nata, kwalbar da kantin magani ya kawo kuma wani zubin miligiram 0.6 ce, wani zubin 1. Ba a kan gadon mai numfashi sama-sama ya kamata a riƙa warware wannan ba.

Ba kowane jinkirin bugu ne ciwo ba. Ɗan ƙwallo ko mai barci zai iya sauka ƙasa da 60 yana lafiya lau. Wanda ake gaggawa a kansa shi ne mai bugu ƙasa da 50 da jininsa ya faɗi, ko hankalinsa ya gushe, ko ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi na sarƙe shi.

Dattijon nan atirofin bai ɗaga shi ba. A nan ne gizo ke saƙar, domin da yawanmu iliminmu a kan allurar nan ya tsaya. Ƙa'ida ta ce idan ta ƙi ci, kada a ɓata lokaci: a manna wa majiyyaci na'urar da ke tayar da bugun zuciya ta kan fata, ko a ɗaura masa adiranalin a ƙarin ruwa, maikirogiram 2 zuwa 10 a minti, ko dofamin, duka biyun magungunan ɗaga bugun zuciya ne. Na'urar muna da ita, amma faifan da ake mannawa a ƙirji sun ƙare tun watannin baya. Injin auna saukar ruwa babu. Haka na ja kujera na zauna a gefensa ina ƙirga ɗigon adiranalin da ido, hannuna ɗaya a kan jijiyarsa, har aka kira assalatu. Cikin ikon Allah bugun ya hau, da safe muka tura shi asibitin koyarwa. Na yi hamdala, amma raina bai yi min daɗi ba, don na san sa'a ce ta fi yawa a ciki.

Akwai kuma abubuwa uku da suka shafe mu ƙwarai. Wanda ya sha fiya-fiya ko maganin feshin gona, iyakar miligiram 3 ta atirofin ba ta hau kansa ba; ninka awon ake yi ana ƙarawa har ƙirjinsa ya bushe daga majina. Na ga inda aka tsaya a uku don tsoron wuce ƙa'ida. Yaro kuwa, yawanci rashin iska ne ke rage masa bugu, saboda haka oksijin da hura masa numfashi ake fara yi. Idan duk da haka bugun bai kai 60 ba kuma jikinsa ya saki, a fara danna ƙirji, ba a jira sai zuciyar ta tsaya ba. Haka mai ciwon ƙoda da sinadarin fotashiyam ya taru a jininsa, allurar kalsiyam ce ke fara cetonsa.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya da hukumomin kula da asibitoci: a zaɓi ƙa'ida ɗaya, a buga ta da kwanan wata a jikinta, a sauya ta duk lokacin da aka sabunta, tunda kusan duk shekara biyar ake yin haka. Bitar da ake yi a otal kuma a dawo da ita cikin sashen gaggawa, a kan gado da butum-butumi, a sa masu aikin dare a ciki, don su ne ba a cika gayyata ba. Sannan a sa wani ya riƙa buɗe akwatin gaggawa a farkon kowane aiki, ya ƙirga allurai, ya tabbatar faifan na'ura na nan kuma batirinta na da caji.

Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kano.