Zuwa Ga 'Yata, Kan Ƙafafun Nan Naki

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Ya nauyin jiki? Allah Ya raba lafiya.

Ƙanwarki ta ce ƙafafu sun fara yi miki nauyi da yamma, har wata jijiya ta taso a bayan gwiwa. Abin a jininmu yake. Kin tuna ƙafafun kakarki, jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu sun nannaɗe, ga gyambon idon sawu da ya ƙi warkewa har ta koma ga Allah. Gado ba ya kankaruwa, amma ana rage masa ƙarfi, kuma yanzu ne lokacin.

Jinin da ya sauka ƙafa, komawarsa zuciya hawa ne. A cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa jini ya wuce sama, su rufe kada ya dawo. Mai tura shi kuwa tsokar sharaɓa ce. Duk takun da kika yi sai ta matse jijiyar kamar ana tatsar saniya. In kika tsaya cak wuri ɗaya, jinin ya taru, jijiyar ta buɗe, ƙofofin su daina haɗuwa. Ga shi kuma mai ciki jininta kan ƙaru kusan da rabi, mahaifa na danne hanyar komawarsa.

Shi ya sa tsayuwar nan taki gaban allo ta fi komai damuna. Ba na ce ki bar koyarwa ba. Ki riƙa zagayawa tsakanin benci kina magana. In yara na kwafar aiki, ki ɗaga dugaduganki ki tsaya kan yatsu, ki sauke, kamar sau goma; ba wanda zai lura a ƙarƙashin hijabi. Zaman gyaran takardu ma illarsa ɗaya, duk rabin awa ki miƙe ki ɗan taka. Da la'asar sakaliya ki samu tafiyar minti 30, ko a tsakar gida ne. Takalmi mai tsini ki jingine shi, yana hana sharaɓa aikinta, zani ma kada ki ɗaure shi tamau a ƙugu.

In kin dawo gida, kafin ki shiga kicin, ki kwanta ki ɗora ƙafa kan filo biyu ko uku na minti 15, har ta fi ƙirjinki tudu. Na san za ki ce ina lokaci. Tuwo zai jira. Da dare kuma ki fi kwanciya ta hagu, domin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ta gefen dama take.

Ki yawaita zogale da wake da alayyahu da gwanda, ki sha ruwa sosai, don yunƙurin bayan gida mai tauri yana ƙara wa jijiyoyin wahala. Ki rage gishiri da dunƙule da kanwa. Ranar awo ki tambayi malaman asibiti safar nan mai matse ƙafa, su auna ki. Da safe ake sa ta, tun ƙafa ba ta kumbura ba.

Kada ki yarda kowa ya sa miki ƙaho ko aska a kan jijiyar, wai za a fitar da mataccen jini. In ta fashe, jini take zubarwa ba kaɗan ba. Sai a kwanta, a ɗaga ƙafar, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. In kuma ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da ciwo da ɗumi, ko numfashi ya sarƙe, kada a tsaya cewa sanyi ne. Gudan jini na iya toshe jijiyar da ke can cikin ƙafa, kuma haɗarin ya fi yawa a makonni shida na farko bayan haihuwa, wato daidai kwanakin jego. Ki karanta wa maigidanki wannan wurin, shi ma ya sani.

Da yawa jijiyoyinsu kan lafa 'yan watanni bayan haihuwa, don haka kada ki tayar da hankalinki. Ki kira ni bayan awo in ji abin da suka ce game da safar. Babanki yana gaishe ku.

Mahaifiyarki