Kafin a biya kuɗin digirin DNP, a duba waɗannan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin ma'aikatan jinya masu sha'awar DNP, digirin dakta na aikin jinya da ake yi a Amurka. Wannan digiri na masu kula da marasa lafiya ne da shugabancin asibiti. Mai son bincike da koyarwa a jami'a, PhD ce ta fi dacewa da shi.

Tun 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka, AACN, ta goyi bayansa. Mai digirin farko kan shafe shekara uku zuwa huɗu, mai digiri na biyu kuwa shekara ɗaya zuwa biyu. Yawancin jami'o'i na neman sa'o'i 1,000 na aiki a asibiti, sannan ɗalibi ya kammala da aikin gyara wata matsala ta zahiri, misali rage ƙwayar cuta a wurin ƙarin ruwa, yana auna sakamako kafin da bayan gyaran.

Inda ake tuntuɓe shi ne karatu ta intanet. Darasi ya yiwu daga Kano, amma sa'o'in asibiti galibi sai da lasisin aikin jinya na wata jiha a Amurka, wato tantance takardu da cin jarrabawar NCLEX-RN, sai kuma ƙwararren da zai sa ido. Wasu makarantun ɗalibi suke bar wa nemansa, sai zango ya wuce a banza. Mai takardar makarantar jinya kaɗai sai ya fara yin BNSc, wato digirin farko na jinya. A kuma tabbatar ɗaya daga cikin hukumomin tantance karatun jinya a Amurka, CCNE ko ACEN, ta amince da shirin kafin a tura ko sisi.

Daga wasu malaman jinya, Kano