Zuwa Ga Ɗana, Kafin Ka Fara Tashi Da Lema Mai Inji

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya lau.

Mahaifiyarka ta nuna mini hoton lemar da ka saya da injin da ake goyawa a baya, ta ce in hana ka. Ba zan hana ka ba. Mutumin da ya koyi gyaran jiragen sama a Zariya, ya ci abinci da shi har ya yi ritaya, ba shi da bakin hana ɗansa sha'awar sama. Amma ina da sharuɗɗa, ka karanta su a natse.

Ka ce a Amurka ba a neman lasisi. Haka ne, dokar ƙananan jirage ta 1982 ta yarda mutum ɗaya ya tashi da rana, ban da kan gari ko taron jama'a, kuma man tankinsa kada ya wuce galan 5. Doka ta ɗauke maka lasisi, ni kuwa ban ɗauke maka malami ba. Kada ƙafarka ta bar ƙasa sai yana tsaye a filin, muryarsa na kunnenka ta oba-oba. Kafin ranar, ka yi ta wasa da lemar a ƙasa ba inji, har ka iya tsayar da ita bisa kanka ba tare da ka ɗaga ido ba. A kuma rataye ka da injin a jikin ƙarfe, a daidaita maratayin da nauyinka.

Injin nan ɗan'uwan injin yankan katako ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa. Ka bi ma'aunin da littafinsa ya faɗa, da yawansu kashi 40 ko 50 na fetur ne ga kashi 1 na mai, kuma ka auna da mazubi, ban da kintace. Fetur da ya daɗe a jarka kada ka zuba shi. Babban abokin gabar irin wannan inji jijjiga ce, ita ke kwance noti ta tsaga salansa. Don haka da hannu ake dubawa, ido kaɗai ba ya isa. Ka taɓa notocin farfela ɗaya bayan ɗaya, ka girgiza robobin da injin ke zaune a kai, ka bi tiyon mai, ka danna hular fulogi. Ka matsa totur ka saki, ka tabbata ya koma da kansa. Kullum daga wuri ɗaya za ka fara, ka zagaya ka dawo. In wani ya katse ka da magana, ka koma farko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai farfela ce. Munanan raunuka da yawa a wannan wasa a ƙasa ake samun su: mutum ya ja igiyar tayar da inji yana riƙe da keji, wato zagayen ƙarfe mai raga da ke kewaye da farfela, totur ya maƙale, injin ya yi kansa, yatsu su tafi. Ragar kejin an yi ta ne don igiyoyin lema, ba za ta tare hannunka ba. Ka goya injin, ka ɗaure, ka sa hular kwano, ka waiga ka ɗaga murya kowa ya ja baya, sannan ka tayar, babban yatsanka na kan makashin inji. Aljihu a zuge, rawani ko mayafin wuya a bar su a mota, domin duk abin da ya kuɓuce farfela zai nufa.

Lemar kuma ka shimfiɗa ta tana fuskantar iska, ka bi igiyoyin da yatsa, na gaba a sama, na birki (waɗanda ake ja don juya lema da rage gudunta) a ƙasa, ba ƙulli ba ƙirare. Ɗamarar cinya ita za ka fara ɗaurewa. Ƙugiyoyi biyun da suka haɗa ka da lema ka kulle su, ka ja ka ji. Ka kai hannu kan mariƙin lemar ceto, wadda ake jefawa in babbar lemar ta samu matsala a sama, har hannun ya san wurin.

Lokacinka sassafe ne ko dab da faɗuwar rana. Da rana ta take, ƙasa kan yi zafi, iska ta riƙa tashi tana murɗawa, kuma tana iya naɗe lema. In iskar ta kusa kilomita 15 a awa, ko ƙyallen da aka kafa don nuna inda iska ke kaɗawa yana juyawa nan da can, naɗe kayanka ka koma gida, ko da abokai sun zo kallo. Sauri kan haifi nawa.

In lema ta hau a karkace, ka tsaya a sake shimfiɗawa. In ta hau daidai, ka miƙe ƙirji, ka ƙara wuta a hankali, ka yi ta gudu har ƙafafunka su rasa ƙasa. Kada ka yi saurin zama, kada ka saki birki kusa da keji. A sama ka zauna bisa filin da za ka iya sauka ko da inji ya mutu, nesa da ruwa da wayoyin lantarki. Wajen sauka ka fito daga kujera da wuri, ka kashe inji, ka jira umarnin malaminka kafin ka ja birki.

Ka karanta addu'ar hawa abin hawa kafin ka ɗaga lema. Da ka sauka, mahaifiyarka za ka fara kira, domin na san ba za ta iya cin komai ba ranar. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.